Taron Masoya Labaran Kimiyya: 'Yan Jarida Na Bin Riguna, Gardama Na Cikin Ɗaki

Duk shekara, idan aka yi babban taron masoya ƙagaggun labaran kimiyya a Amurka ko Ingila, hoton da jaridu da gidajen talabijin kan aiko wa duniya ɗaya ne: ƙaton mutum ya shafa koren fenti a fuska, ya liƙa kunnuwan roba masu tsini, yana riƙe da bindigar wasa. Mai karatu ya gani ya yi dariya, ya ce lalle ƙoshi ya yi wa Turawa yawa. Amma a cikin ginin nan da aka ɗauki hoton a ƙofarsa, akwai ɗakuna da yawa cike da mutane masu shiga irin ta kowa, suna zaune suna gardama a kan littattafai, kuma gardamar tasu ita ke yanke wane marubuci duniya za ta sani, wane kuma za a manta da shi.

Ga wanda bai saba da irin waɗannan labarai ba, su ne waɗanda ake ginawa a kan kimiyya da abin da za ta iya haifarwa nan gaba, kamar tafiya duniyoyin sama da mutum-mutumin ƙarfe mai tunani. Wanda ya karanta Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo ya ɗanɗana irinsu da Hausa.

Zolayar da 'yan jarida ke yi wa masoyan nan ta girmi talabijin. An yi taron farko na duniya a birnin New York a farkon watan Yuli na 1939, mutum wajen 200 suka hallara. A cikinsu akwai wani saurayi ɗan shekara 19 mai suna Isaac Asimov, da wani ɗan shekara 18, Ray Bradbury, wanda sai da aka ranta masa kuɗin mota kafin ya iso daga California. Su biyun nan daga baya suka zama manyan marubutan ƙasarsu. An yi jawabai, an nuna fim ɗin Metropolis, an yi gwanjon zane-zane, an kuma buga wasan ƙwallo. Da mujallar Time ta zo ba da labari, sai ta ɗauke su tamkar yara masu rawar kai, ta tsinto wasiƙa mafi wauta daga cikin waɗanda masu karatu ke aika wa mujallun kimiyya, ta buga a matsayin muryarsu baki ɗaya. Mutum biyu aka fi tunawa da sun yi shigar mutanen gobe a taron, watau Forrest Ackerman da Myrtle Douglas, wadda ita ce ta ɗinka kayan. Mutum biyu cikin ɗari biyu, amma daga ranar har yau jikokinsu a wannan al'ada su ne abincin kyamara.

Labarin gaske na taron 1939 yana bakin ƙofa ne. Shugabannin taron sun hana mutum shida shiga, cikinsu har da Donald Wollheim da Frederik Pohl, saboda saɓanin siyasa da kuma wata 'yar takardar gargaɗi da aka raba. Waɗanda aka tsare ɗin sun zama editoci da marubutan da suka juya akalar wannan fanni shekaru masu yawa. Ashe tun ran farko tambayar ita ce wa zai shiga, wa kuma zai yi magana.

Yana da kyau a fahimci yadda ake gudanar da wannan taro da suke kira Worldcon, domin ya bambanta da abin da aka saba gani. Babu kamfanin da ya mallake shi. Masu sa kai ne ke shirya shi ba tare da albashi ba, kuma wanda ya biya kuɗi ana kiransa ɗan ƙungiya ne, yana da ƙuri'a. Da ƙuri'ar nan ake zaɓen garin da za a yi taro shekara biyu masu zuwa, da ita kuma ake ba da lambar yabo ta Hugo, wadda aka fara a 1953, aka raɗa mata sunan Hugo Gernsback da ya kafa mujallar Amazing Stories a 1926. Taron kan ɗauki kwana biyar. Jadawalinsa littafi ne guda, mai ɗauke da ɗaruruwan zama: nan marubuta huɗu ko biyar a kan tebur suna tattauna wani batu gaban jama'a, can masanin taurari yana lacca, gaba kaɗan marubuciya tana shan shayi da masu karatu goma da suka rubuta sunansu tun da safe. Gasar shigar burtu kuwa, wadda 'yan jarida ke kwana a kanta, dare ɗaya rak ake yinta. Tun 1976 ma akwai al'adar ba da gudummawar jini a wurin, wadda marubuci Robert Heinlein ya assasa a Kansas City. Wannan ba ta cika samun shiga jarida ba, watakila don mai ba da jini ba ya ba da dariya.

Talabijin ne ya ƙara wa hoton gishiri. A 1966 Gene Roddenberry ya kawo shirinsa na Star Trek taron Cleveland ya nuna wa masoya 'yan kwanaki kafin a fara watsa shi. An soke shirin a 1969, amma da aka kira taron masoyansa a New York cikin Janairun 1972, ana sa ran mutum 500, sai fiye da 3,000 suka cika otal. Mutanen nan da ake yi wa kallon marasa aikin yi su ne suka yi ta rubuta wasiƙu har Shugaba Gerald Ford ya yarda a 1976 aka sa wa kumbon gwaji na hukumar NASA suna Enterprise, sunan jirgin cikin shirin. Duk da haka, a Disamban 1986 William Shatner, jarumin shirin da kansa, ya fito a wasan barkwanci na Saturday Night Live yana yi wa masoyansa tsawa, wai su je su nemi abin yi. Wasa ne, amma ya manne musu kamar ƙaya, har malamin jami'a Henry Jenkins ya buɗe littafinsa na 1992 a kan masoya talabijin da warware wannan zolaya. Abin dariyar shi ne, daga baya Shatner ya sa fuskar roba ya riƙa shiga tarurrukan a ɓoye yana hira da mutane, ya fito da littafi a 1999 yana yaba musu. Sai da ya yi shigar dodon da kansa sa'an nan ya ga mutanen da ke bayanta.

Sai kuɗi suka shigo, sai harshe ya juya. Taron San Diego, wanda ake kira Comic-Con, ya fara a 1970 a ƙarƙashin wani otal da mutum wajen 300. A 1976 masu tallan wani fim da ba wanda ya san shi, Star Wars, suka je can da kuma Kansas City suna nuna hotuna. Da fim ɗin ya fito a 1977 ya kwashi dukiya, kamfanonin Hollywood suka gane cewa waɗanda ake yi wa dariya su ne kasuwa. Yanzu fiye da mutum 130,000 ke zuwa San Diego, ana kwana a layi don samun kujera a babban zaure mai cin mutum wajen 6,500, inda taurarin fim ke nuna gutsuren abin da za a sayar baɗi. Jaridun da suka yi zolaya jiya su ne ke aika wakilai yau. To, amma yabon nan ɗan'uwan zolayar ne, domin dukansu biyu kallon riga suke yi. Da can an ce wawa ne, yanzu an ce mai saye ne, kuma har yanzu da wuya a tambaye shi abin da ya karanta. A irin wannan zaure, jadawali yana hannun mai kuɗin talla, jama'a kuwa nasu tafi.

Shi ya sa jadawalin Worldcon, wanda ke hannun masu sa kai, ya zama abin faɗa a kai. Kujera a kan teburin tattaunawa ita ce inda edita ke jin muryar sabon marubuci, inda mai karatu ke jin suna ya je ya sayi littafi. Wanda aka bari a waje, an rage masa abinci ne. A 2018, ana sauran 'yan makonni a yi taron San Jose, aka fitar da jadawali, sai aka ga an tsallake wasu daga cikin sababbin marubutan da ke takarar Hugo a shekarar, an cika tebura da tsofaffin fuskoki. Manyan marubuta, ciki har da N. K. Jemisin, suka janye daga jadawalin. Tilas shugabanni suka rushe shi, marubuciya Mary Robinette Kowal da wasu suka sake gina shi cikin gaggawa. A wannan taro ne Jemisin, baƙar fata, ta ci Hugo ta babban littafi karo na uku a jere, abin da ba wanda ya taɓa yi.

Na birnin Chengdu a ƙasar Sin, a 2023, ya fi muni. Da aka fitar da alƙaluman ƙuri'a a Janairun 2024, sai aka ga an cire littafin Babel na R. F. Kuang da wasu 'yan takara ba tare da bayani ba, alhali sun sami ƙuri'un da suka isa. Wata guda bayan haka wasiƙun cikin gida suka fito fili, suka nuna cewa masu kula da zaɓen, mutanen Amurka da Kanada, sun bi diddigin abin da marubuta suka taɓa faɗa a kan siyasar Sin. Masoya biyu ne masu rubuce-rubuce, Chris Barkley da Jason Sanford, suka tono zancen, manyan jaridu suka biyo sawu. A 2025 kuma masu shirya taron Seattle suka amsa cewa sun yi amfani da ChatGPT wajen tantance mutum fiye da 1,300 da suka nemi kujerar magana. A taron marubutan da ke kukan cewa irin wannan na'ura da littattafansu aka ciyar da ita ba da izininsu ba! Shugabar taron ta nemi gafara, wasu jami'an Hugo suka ajiye aiki, aka sake tantancewar da hannu.

Nijeriya na da rabo a wannan gardama. Nnedi Okorafor ta ci Hugo a 2016 da labarinta Binti. A 2022 Oghenechovwe Donald Ekpeki ya shiga takarar Hugo a rukuni biyu, amma da farko aka hana shi bizar zuwa taron Chicago, sai da marubuta suka yi ta kuka kafin aka ba shi ya tafi. Sunan mutum na iya kasancewa cikin jadawali, kujerarsa ta zauna babu kowa. Har zuwa 2025 ba a taɓa kawo Worldcon nahiyar Afirka ba, ko da yake Legas na da nata taron, Lagos Comic Con, tun 2012, kuma a taron Glasgow na 2024 an keɓe zama don ba da lambar Nommo ta marubutan Afirka, inda Wole Talabi ya ci ta babban littafi.

Akwai kuma wata ƙofa da ba ta bukatar biza, wadda labaran talabijin ba su taɓa damuwa da ita ba. Mai karatu a Kano ko Damagaram na iya yankar katin zama ɗan ƙungiya ba tare da ya je taron ba, a 2025 kuɗinsa dala 50 ne. Da katin nan yana da ikon gabatar da sunan littafin da ya ga ya cancanta, ya jefa ƙuri'ar Hugo, kuma galibi akan aiko masa da yawancin littattafan da ke takara ta intanet ya karanta. Dala 50 ba ƙaramin kuɗi ba ne a naira. Amma a wasu rukunan, ƙuri'un da ke shigar da suna cikin jerin 'yan takara ba su kai ɗari ba.