Saiwoyin Jini: Kalmar da Manomi Yake Bin Mu Bashi

Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya a gonakin Danbatta ko Bichi ya san makon farko na noman firi ba ya yi wa kowa daɗi. Kunya biyu ko uku, hannu ya mutu, numfashi ya yi sama. Amma kafin a shiga maimai, wannan mutumin ne zai wuni a duƙe har la'asar. In an tambaye shi, sai ya ce jiki ne ya saba.

Gaskiya ya faɗa, sai dai wani ɓangare na sabon nan yana da mazauni a cikin tsoka. Kowane zaren tsoka kewaye yake da wasu hanyoyin jini da suka fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, har sai ƙwayoyin jini sun jeru ɗaya bayan ɗaya kafin su wuce. Ta jikinsu ne iska da abinci suke ratsawa zuwa tsoka, ba ta manyan jijiyoyi ba. A kan nazarinsu August Krogh, mutumin Denmak, ya sami kyautar Nobel a 1920. A 1977 kuma Andersen da Henriksson suka nuna cewa mako 8 na motsa jiki ya ƙara yawansu a tsokar cinya da kimanin kashi 20 cikin 100. In aiki ya tsaya, sukan ragu. Ke nan damina tana shimfiɗa su, zaman rani yana kwashewa.

Abin da ya shafe mu, mu manazarta Hausa, shi ne ba mu da tsayayyen suna gare su. Kalmar “jijiya” ta ɗauki kaya fiye da ƙarfinta: ita ce hanyar jini, ita ce mai kai saƙo ƙwaƙwalwa, ita ce kuma wadda ke tauri a cikin nama. Alhali waɗannan siraran hanyoyi su ne sikila take toshewa, su ne ciwon sukari yake lalatawa a ɓoye. Idan ma'aikacin asibiti ya ce wa mai sukari jijiyoyin ƙafarsa sun taɓu, ba mamaki ya zarce wurin wanzami a yi masa tsaga, a ƙafar da rauninta ba ya saurin warkewa.

Masu fassara sukan ce “ƙananan jijiyoyin jini”. Ba kuskure ba ne, amma girmansu kawai ya faɗa, ya bar aikinsu. Ni a ganina “saiwoyin jini” ya fi. Manomi ya tuge gero ya ga siraran saiwoyinsa, ya san su ke shayar da kara, ya kuma san sukan yaɗu ko su bushe.

Za a ce saiwa tsotsa take yi, waɗannan kuwa bayarwa suke yi. Na yarda kwatancin yana da gurgunta a nan. Shi ya sa nake ganin kafin kalmar ta shiga ƙamus, a fara gwada ta a bakin manoman Makoɗa da Kunchi, a ji me suka fahimta.