Gwazar Ɗaki: Baƙon Tsiro a Mairuwa

Tun fil azal Bahaushe ba ya shuka abin da ba shi da amfani a gidansa. Zogale don ci, lalle don ƙunshi, darbejiya don inuwa. Amma zamani ya zo da wani baƙo mai faɗin ganye, wanda ake girkewa a kusurwar falo don ado kawai, watau filodandaran. Ana kawo shi daga wurin masu sayar da furanni na birane zuwa garuruwa irin su Mairuwa ta ƙasar Faskari, sau da yawa kuwa ba ya daɗewa sai ya yi yaushi, a ce wai ƙasar ce ba ta karɓe shi ba.

Haƙiƙa laifin ba na ƙasa ba ne, rashin sanin asalinsa ne. Tsiron ɗan dazuzzukan Amurka ta Kudu da ta Tsakiya ne, inda yake hawa jikin manyan itatuwa a ƙarƙashin inuwa. Sunansa ma da Girkanci ma'anarsa mai son itace. Abin sha'awa kuma, danginsu ɗaya da gwaza, kuma duk wanda ya dubi ganyen biyu zai ga kamar. Saboda haka ya dace a yi masa suna gwazar ɗaki, domin suna irin wannan yana karantarwa. Kowace uwar gida ta san ƙaiƙayin ɗanyar gwaza. To, sinadarin nan mai kama da ƙananan allurai yana cikin ganyen baƙon, kuma yaro mai rarrafe in ya tauna shi bakinsa zai yi zafi ya kumbura. Gwaza ana dafa ta a ci, shi kuwa ba abin ci ba ne. Ke nan wurinsa can sama ne, inda hannun yaro da bakin akuya ba za su kai ba.

Sai dai zumuncin yana da iyaka, kuma a nan ake yin ɓarna. Gwaza tana son damshi, shi kuwa saiwarsa iska take so. Mutumin Mairuwa, wanda madatsar ruwan garinsa take shayar da Funtuwa, yakan ɗauka kyautatawa ce ya riƙa kwarara masa ruwa safe da yamma, alhali kuwa ruɓar da saiwa yake yi, ganye ya koma ruwan ɗorawa. Ka'idar ita ce a tura yatsa cikin ƙasar; in saman ya bushe a ba shi, in da sauran laima a ƙyale shi. Tukunyar ƙasa mai huji a gindi ta fi gwangwani da roba nesa ba kusa ba, a cika ta da ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki. Ruwan da ya taru a ƙarƙashinta a zubar, don kada ɗaki ya zama gidan sauro.

Babbar jarrabawarsa hunturu ce, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da iska ke bushewa, ƙura ta lulluɓe ganye, bakin ganyen ya ƙone. A nan sai a riƙa goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, a janye shi daga tagar da iska ke kaɗawa. Da bazara kuma haske yake so, amma ranar tsaka in ta doke shi kai tsaye sai ta babbake shi. In ya yi tsawo, a yanki reshe mai gaɓa a sa a ruwa, a riƙa sauya ruwan, bayan 'yan makonni zai fid da saiwa a dasa.