Ra'ayinmu: Naɗin Sarauta Bai Ceci Kifin Mekong Ba

A shekarar 2005 Sarkin Kambodiya ya sa hannu a kan wata doka wadda ta naɗa wani kifi na kogin Mekong ya zama kifin ƙasa. Mutanen can suna kiransa trey kolreang, masana kuwa Catlocarpio siamensis. An ce nauyinsa yakan kai kilo 300, watau ko giwan ruwa ba ya kama ƙafarsa, alhali kuwa abincinsa gansakuka ne da 'ya'yan itatuwan da ambaliya ta shanye. Shekara shida kacal bayan wannan naɗi, a 2011, sai ƙungiyar IUCN ta sanya shi cikin halittun da suke gab da ƙarewa.

Lissafin ba ya bukatar dogon sharhi. A 1964 masuntan Kambodiya sun kama tan 200 na wannan kifi. A 1980 ba a samu fiye da guda hamsin ba, a 2000 kuwa guda goma.

An saba ɗora wa masunci laifi, kuma lalle yana da nasa kason, domin kifin da sai ya yi kamar shekara bakwai kafin ya soma hayayyafa ba zai jure wa komar da ba ta hutawa ba. Amma a ganinmu babban al'amarin yana ga ruwan kansa. Kowace damina Mekong yakan cika har ya juyar da kogin Tonle Sap da baya, ruwa ya malale dazuzzuka, a nan ƙananan kifaye suke samun abinci su girma. Wasu madatsun ruwan Sin da na Lawos suna riƙe ruwan damina su sake shi da rani, wasu kuma, irin su Xayaburi da ta soma aiki a 2019, suna tare hanyar kifi. Wanda ya ga yadda fadamun Haɗeja da Nguru suka tsuke bayan gina madatsar Tiga a 1974 ba sai an yi masa bayani ba.

Ba mu ƙi lantarki ba. Mu da muke karatu da fitilar waya mun san darajarsa. Abin da muke nema ga 'yan'uwanmu ɗalibai, waɗanda gobe fayil ɗin irin waɗannan ayyuka zai iso teburinsu, shi ne su tambayi yawan ruwan da za a sakar wa na ƙasa da madatsa, da watan da za a sake shi, tun kafin su sa hannu.

A 2020 Kambodiya ta dakatar da gina madatsa a kan uwar kogin na tsawon shekara goma. Wa'adin zai cika a 2030.