Ni Da Spider-Man: Wa Ya Fi Wani Shan Wuya?

Na san da yawanku kun zuba ido ku ga yadda za ta kaya tsakanin uwargida da amaryar nan da muka bari suna cacar baki a bakin rijiya. To ku yi mini afuwa, wannan makon na ba su hutu su sha ruwa, domin wata magana ce autana ya jefa mini ta hana ni sakat, na ce bari in amayar da ita ko na samu barci.

Daren Juma'ar da ta wuce an ɗauke wuta, ina duƙe gaban fitila mai caji ina rubutu, shi kuma ya kwanta rub-da-ciki yana kallon fim ɗin Spider-Man a wayar yayansa. Can sai na ji ya ce, "Umma, ashe ke ma irin Spider-Man ce." Na ce, "Ta ina kuma, ni da ko kan kujera ba na iya hawa in ɗauko tukunya?" Ya ce, "Da rana ke Umma ce, da dare kuma sunanki daban, kuma duk layinmu ba wanda ya sani." Kafin in buɗe baki yayarsa ta cafe daga cikin gidan sauro, ta ce, "Kuma shi ma kullum ba shi da kuɗi."

Na yi dariya har biro ya faɗi. Amma da gari ya waye na zauna na auna maganar, sai na ga yaran nan ba su yi ƙarya ba.

Ga waɗanda ba sa zama kallo da yara, Amurkawa suna da wasu jarumai nasu na littattafan zane, waɗanda daga baya aka mayar fina-finai. Babban yayansu shi ne Superman, wanda ya fara fitowa a 1938, mai tashi sama da jan mayafi a baya. Sai Batman a 1939, mai shigar jemage. Shi kuwa Spider-Man ɗan baya ne, a 1962 aka haife shi. Mu ma ai ba a bar mu a baya ba wajen sadaukai, duk wanda ya karanta Ganɗoki na Malam Bello Kagara ko Iliya Ɗanmaiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya san haka. Sai dai akwai inda suka raba hanya. Jarumin Bahaushe kafin ya zare takobi sai ya tsaya ya yi kirari, ya faɗi sunansa da na ubansa, don kada gobe a ce wani ne ya yi aikin. Nasu kuwa sai ya rufe fuska, ya yi aikin cikin dare, ya sulale ta taga, da safe ya saka riga da wando ya tafi ofis kamar bai san komai ba. To wallahi mu marubuta, musamman mu mata, ba mu gaji Ganɗoki ba. Waɗancan masu rufe fuskar muka biyo.

Shekarata ashirin da 'yan kai ina rubutu da sunan da ba shi aka raɗa mini ran suna ba. Akwai wani biki da na je na dangin maigida, muna zaune a ɗakin uwar amarya ana jiran a sauke tuwo, sai hira ta gangaro kan wani littafina. Wata ta ce ita ta rantse marubuciyar nan bazawara ce, don matar da ke zaune lafiya a ɗakinta ba za ta san sharrin maza haka ba. Wata ta ce ina, ai namiji ne ya ɓoye da sunan mata, kuɗi yake nema. Wata dattijuwa kuwa cewa ta yi ko wace ce Allah Ya shirye ta, amma a ara mata na biyu in an gama. Duk ina zaune ina zuba musu zoɓo a kofi. Har aka juyo aka ce, "Ke ba ki karanta ba?" Na ce, "Ina na ga lokaci, Yaya?" An ce shi Superman tabarau kawai yake sakawa ya zama Clark Kent ɗan jarida, duk abokan aikinsa su kasa gane shi. Da ina ganin abin rainin hankali ne. Tun ranar bikin nan na daina musu, don ni ko tabarau ban saka ba.

Kada wani ya ce tsoro ne kawai. Wanda ya san yadda aka yi da mu a baya ba zai ce haka ba. An ce mu ne muke lalata tarbiyyar 'yan mata, an ce mu muke koya wa matan aure tsaurin ido, har a 2007 aka tara littattafan hikaya aka cinna musu wuta a Kano. A irin wannan yanayi mace mai miji da surukai da 'ya'yan da za a aurar, in ta saya wa sunanta mayafi ba ta yi laifi ba. Shi ma Spider-Man ɗin ai don kada maƙiya su taɓa goggonsa da ta riƙe shi yake rufe fuska.

Ta wajen ƙarfi kuwa, ban ga abin da za su nuna mana ba. Superman yana ɗaga mota da hannu, ni kuwa na taɓa gina gida mai hawa uku a Nasarawa, na zuba masa motoci shida da masu gadi, duk a shafi ɗaya, kuma a ranar bashin dunƙulen miya na aika aka karɓo mini a kanti. Na aurar da marayu ga 'ya'yan sarakuna. Na kai mutum Dubai na dawo da shi kafin ruwan shayina ya huce. Waɗanda na kashe kuwa Allah kaɗai Ya san adadinsu, yawanci haɗarin mota a hanyar Kaduna, don shi ne ya fi sauƙi idan mutum ya tsaya mini a tsakiyar labari na rasa yadda zan yi da shi. Akwai wata baiwar Allah da ta samo lambata ta kira ni tana kuka wiwi, wai in dubi girman Allah kada in kashe wani saurayi a littafi na uku. Na ji tausayinta na bar shi, na dai karya masa ƙafa.

Wani lokaci kuma ƙarfin yakan fita daga wasa. Wata ta taɓa aiko mini da saƙo cewa tana da 'ya'ya huɗu ta koma makarantar dare, saboda ta ga wata a littafina ta yi haka. Ranar ban iya rubuta komai ba. Ni da na tsaya a sakandare.

Kowane jarumi dai da lagonsa. Shi Superman wani koren dutse ne daga duniyarsu, da zarar an kusanto masa da shi sai jikinsa ya mutu murus. Nawa dutsen kalmomi uku ne: "Ki dawo jibi." Duk marubucin da ya taɓa kai littafi kasuwa a kan sai an sayar a biya, ya san su. Ka ci bashi ka sayi takarda, ka biya mai buga rubutu a kwamfuta, ka biya mai zanen bango, ka biya maɗaba'a, ka ɗauko kaya a a-daidaita-sahu ka sauke a shago, sa'annan ka fara zarya. Jibin nan na wani mai shago sai da ya yi shekara biyu bai zo ba. Saboda haka a cire Batman daga lissafi, ba sa'anmu ba ne. Shi gadon dukiya ya ci, yana da bara mai kawo masa shayi. Namu shi ne Spider-Man. Sunansa na gaskiya Peter Parker, sana'arsa ɗaukar hoto, yana kai wa wata jarida hotunan kansa da kansa, editan ya biya shi abin da bai taka kara ya karya ba, sa'annan gobe ya buga hoton da babban kanu yana zaginsa. A fim ɗin da ya fito a 2004 har mai gidan haya ke tare shi a bakin ƙofa yana tambayar kuɗin wata. Ku gaya mini, wane marubuci ne bai san wannan rayuwar ba? Ga shi kuma sunan ma na gida ne, don tun kafin Amurkawa su yi nasu muna da Gizo mijin Ƙoƙi, wanda bai da gona bai da rumbu, da baki kawai yake ci.

Ina cikin wannan nishaɗin ne na ce wa babban ɗana ya bincika mini su wane ne suka ƙirƙiro mutanen nan, don na san dai ba daga sama suka faɗo ba, wani ne ya hana idonsa barci kamar ni. Abin da ya karanto mini shi ya tsayar da dariyata.

Superman wasu samari biyu ne suka yi shi, Jerry Siegel mai rubutawa da Joe Shuster mai zanawa, abokai tun daga sakandare a birnin Cleveland. Sun yi shekaru suna yawo da shi ana ƙi, har a 1938 wani kamfani, wanda a yau ake kira DC, ya karɓa. Nawa aka ba su? Dala 130, shafi 13 a kan dala 10 kowanne, kuma da wannan suka sa hannu suka sallama shi ɗungurungum. Da abu ya zama dukiya suka kai ƙara a 1947, ba su samu Superman ba, aka sallame su daga aiki, aka kuma goge sunayensu daga littafin. Shuster idonsa ya yi rauni har ya koma aikin kai saƙo, Siegel ya koma ƙaramin akawu. Sai a 1975, ana shirin yin babban fim, bayan an yi ta surutu a jaridu, aka yanka musu dala 20,000 kowannensu duk shekara, aka mayar da sunansu. Wannan littafin na farko da ake sayarwa senti 10, a 2024 an yi gwanjon kwafi ɗaya tak a kan dala miliyan 6. Na Batman ya fi ban tausayi. Wani Bill Finger shi ya tsara yawancin abin da aka san Batman da shi, har sunansa na gida da sunan garinsu, amma sunan Bob Kane kaɗai ake bugawa. Ya mutu a 1974 ba shi da komai, ba a fara rubuta sunansa ba sai 2015, shekara 41 yana ƙasa.

Na yi shiru, don na tuna littafina na farko. Ina amarya, ban san komai ba, wani mai shago ya ce in ba shi rubutun baki ɗaya ya huta da ni. Abin da ya ba ni bai wuce kuɗin atamfa biyu da ɗinki ba, na karɓa har da godiya da addu'a. An sake buga littafin nan ban san sau nawa ba. Zan yi masa adalci, kamar yadda zan yi wa wancan kamfanin: lokacin ba wanda ya san ni, kuɗinsa ya zuba, da littafin ya kwanta shi zai kwana ciki. Su Siegel ma an ci gaba da ba su aiki ana biyansu na kusan shekara goma. Amma don ka taimaki mutum ya haye rafi, ba shi ne zai sa ka riƙe masa takalmi har abada ba.

Yanzu kuwa da kasuwar takarda ta ja baya aka koma waya, abin ya sake salo. Yanar gizo ta kama Gizo da kansa. Kwanaki wata ƙawata ta turo mini wani labari a WhatsApp, ta ce in karanta in ga yadda yaran yanzu suka iya rubutu. Layi uku na karanta na gane nawa ne. An kwafe shi tsaf, an sauya sunan jarumar, an yanke nawa daga sama an ɗora na wata, har da lambar asusun da za a tura kuɗi kafin a ba ka ci gaba. Sunan da aka yanke ɗin ma na aro ne, amma ya yi mini zafi kamar an zagi mahaifina. Ni na zaɓi mayafina da hannuna, shekara ashirin ina wanke shi ina gogewa, duk wanda ya san rubutuna da shi ya san ni. Mai rufe fuska don kansa daban, wanda aka tuɓe wa riga a kasuwa aka saka wa wani daban.

Shi ya sa nake ce wa ƙannena masu tasowa, ku yi sunan aro in kuna so, Maman wane ko Ummu wance, ba laifi. Amma kada daɗin ganin littafinku a kasuwa ko jin sa a rediyo ya sa ku miƙa shi da baki kawai. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sabunta aka sa wa hannu a 2023, ta ce sallama haƙƙi ba ya tabbata sai a rubuce, kuma littafi na mai shi ne duk tsawon ransa, da shekara 70 bayan mutuwarsa ga magadansa. Da na san haka ina amarya, da ko a bayan takardar awo ce na sa an rubuta bugu nawa na yarda a yi, da ranar da abina zai dawo hannuna. In mai fim ne ko mai karantawa a YouTube ya zo, a zauna a rubuta, a sa shaidu. Wanda ya ce rubutu rashin yarda ne, ku tuna masa ko bashi cewa aka yi a rubuta. Ku kuma masu karatu, na san ba za ku daina tura wa juna labari ba, ni ma ba waliyyiya ba ce a nan. Abu ɗaya nake roƙo: in za ku tura, ku tura da kansa a jikinsa.

Da na gama ba autan nawa labarin su Siegel, na zaci zai yi tagumi. Sai ya ce shi dai tunda na yarda ni Spider-Man ce, to in saya masa rigar da Sallah, mai haɗe da abin rufe fuska, ya gan ta a Kantin Kwari. Na ce masa ya dawo jibi.

Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu koma bakin rijiya, kuma ina sanar da ku tun yanzu, ɗaya daga cikin matan nan biyu za ta hau mota zuwa Kaduna.