Digirin Dakta Da Zai Taɓa Rayuwar Talaka

Duk matashin da ya gama digiri na biyu yake kukan rashin abin da zai bincika a digirin dakta, ina roƙonsa ya dubi ƙofar gidansu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinare ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara, kuma hanyar tsaftace ƙasa da ruwa cikin sauƙin kuɗi tana buƙatar injiniya da masanin muhalli. A Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cutar noma, mai cin fuskar yara, cikin cututtukan da aka yi sakaci da su, ga kuma asibitinta a Sakkwato yana jiran masu bincike. Ƙofofi a buɗe suke. Jami'ar Bayero tana da cibiyar nazarin noma a yankunan ƙarancin ruwa, Jami'ar Ahmadu Bello tana da ta cututtukan da aka yi sakaci da su, asusun TETFund na ɗaukar nauyin malaman jami'a, asusun PTDF kuma na tallafa wa masu karatun mai da iskar gas. Waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsa, wanda masanan Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru suka fitar a 2019, ya nuna cewa binciken gida yana isa gona. Ina kira ga gwamnoni da attajiranmu su ɗauki nauyin irin waɗannan ɗalibai, maza da mata, su kuma wadata ɗakunan gwaji da wuta da kayan aiki.