Abin Mamakin Tokyo Ba Ya Shiga Hoto

Duk wanda Allah ya nufa ya sa ƙafa a Tokyo, babban birnin Japan, ko ɗalibi ne ko ma'aikacin gwamnati da aka tura kwas, ba ya dawowa gida ba tare da guzurin labari ba. Sai dai in an lura, labarin nasu kusan ɗaya ne, kuma ba shi ne ya fi cancanta a bayar ba.

Za a ji labarin mararrabar Shibuya, inda ake tsai da motoci ta kowace fuska a lokaci guda, jama'a su ɓarke su tsallake kamar an buɗe madatsar ruwa. Gefenta ga mutum-mutumin wani kare mai suna Hachiko, wanda ya yi ta zuwa bakin tashar jirgin ƙasa yana jiran ubangidansa da ya rasu a 1925, har shi ma ya mutu a 1935. Za a kuma ji labarin titin Kappabashi, inda ake sayar da abincin roba wanda masu gidajen abinci ke jerawa a taga don mai saye ya ga abin da zai ci.

Abin da ya fi ba baƙi dariya shi ne otal-otal ɗin nan masu ɗakuna kamar akwati, iyakar tsawon mutum a kwance, an ɗora wani bisa wani. An fara buɗe irinsu a birnin Osaka a 1979. Amma mai dariyar bai cika tambayar dalili ba. Jiragen ƙasa kan daina zirga-zirga jim kaɗan bayan sha biyun dare, kuɗin tasi kuwa yana da zafi, ga gidajen ma'aikata can nesa a bayan gari. Wanda jirgin ƙarshe ya kuɓuce masa, akwatin nan ne rufin asirinsa. Watau dai cunkoso ne ya haife shi.

To, abin mamaki na haƙiƙa yana wani ɗan ƙaramin ɗaki da baƙo ke wucewa bai ko waiwaya ba. Shi ne ofishin 'yan sanda na unguwa, wanda suke kira koban. Nan ne mai tsintuwa ke kai abin da ya tsinta, daga lema har jakar kuɗi. A 2022 tsabar kuɗin da aka miƙa wa 'yan sandan Tokyo ta kusa yen biliyan 4, kuma kusan kashi uku cikin huɗu ya koma hannun masu shi.

Wasu kan ce ai halin Japanawa ne, shi ke nan. Wannan bayani ne na malalaci. Doka ce ta tsaya bayan halin: mai tsintuwa yana da haƙƙin ladan kashi 5 zuwa 20 cikin ɗari, in kuwa wata uku suka wuce mai kuɗi bai zo ba, sun zama nasa. Ga kuma ma'aikacin da zai rubuta abin a takarda, ya ba da rasit, ko da kuɗin bai fi na sayen shayi ba. Ma'aikacin da aka tura kwas, wannan rasit ya kamata ya nemi gani, ya tambayi hannu nawa yake bi kafin kaya su isa ga mai su. Karen Shibuya yana nan, ba inda za shi.