Tarihin Kontagora Bai Fara Daga 1864 Ba

Duk ɗalibin da aka tambaya asalin Kontagora, amsa ɗaya yake bayarwa: Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, shi ya kafa ta a 1864, bayan an naɗa shi Sarkin Sudan a 1859. Wai da ya iso wurin sai ya ce wa jama'arsa su kwantar da gora, shi ke nan suna ya bi gari. Labari ne mai daɗin ji, amma a nawa ra'ayi mun cika tsayawa a nan.

Ai Nagwamatse bai tarar da daji ba kowa ba. Kambari na zaune a ƙasar, suna noma, suna da sunayen duwatsunsu da rafukansu. Garin ya fara ne da zama sansanin yaƙi, kuma da hare-haren kama bayi cikin Kambari da Kamuku da Gwari ya yi ƙarfi, musamman zamanin Sarki Ibrahim, wanda Turawa suka kora a 1901, suka maido shi a 1903. Wannan ɓangaren ba a cika faɗarsa a taron biki ba. Alhali jikokin waɗanda aka kama da jikokin masu kamun, yau kasuwa ɗaya suke ci, da Hausa suke ciniki, aji ɗaya suke zama a makaranta.

Mu dubi birnin York da ke arewacin Ingila. Maharan Viking sun ci shi da yaƙi a 866, suka kira shi Jorvik, daga nan sunansa na yau ya fito. Mutanen birnin ba su ɓoye wannan ba. Sun haƙa ƙasa daga 1976 zuwa 1981, suka buɗe gidan tarihi a 1984. Masana harshe kuwa suka nuna cewa "gate" da ke ƙarshen sunayen titunansu, kalmar maharan ce mai nufin hanya.

Mu ba mu da kuɗin haƙa, amma muna da kunne da wayar ɗaukar murya. Kontagora sai faɗi take yi, ga barikin soja, ga manyan motoci a hanyar Yawuri, sababbin unguwanni na haɗiye ƙauyuka, tsofaffin sunaye na ɓacewa tare da dattawan da suka san ma'anarsu. 'Yan'uwana 'yan ajin ƙarshe, maimakon kundi na ɗari a kan karin magana, wani ya je ya tambayi dattawan Kambari yadda kakanninsu ke kiran wurin kafin a kwantar da gorar.